Kunnen Maraƙi

Duk Bahaushen da ya ɗan kwana biyu a Doha, in dai yana leƙa cin abincin Juma'a a gidan Injiniya Abdulganiyu da ke Mu'aither, to ya san Nasidi. Wataƙila bai san sunan ba, don ba kowa ke kiransa da shi ba. Mai Hannu ake ce masa. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, rana ta gasa masa fuska ta bar goshi kaɗai inda hular aiki ke rufewa, kuma duk turaren da zai fesa, in ka matso gaisawa sai ka jiyo ɗan warin garke a ƙarƙashi. Shi ne mai shigowa da kula a kafaɗa. A cikin kular kuwa kan sa ne, wata rana har da ƙafafu.

Kada ka raina kan sa a garin da nama ke zuwa a leda, an yanka an jera shi kamar sabulu. Matan likitoci da na injiniyoyi, waɗanda firjinsu ya fi ɗakin wani girma, in Alhamis ta yi sai ka ji sun sa mazansu buga waya: Mai Hannu zai shigo gobe? Akwai rabonmu? Shi kuwa bai taɓa karɓar ko sisi ba. Sai ya ce zumunci ne. Zumuncin ne kuma, amma ba shi kaɗai ba ne, shi ma ya san haka.

Mutumin Wudil ne. Mahaifinsa, marigayi Malam Ɗalhatu, ya yi suna da turka. Zai je kara ranar kasuwa ya zaɓo san da kowa ya wuce, wanda ake iya ƙirga haƙarƙarinsa daga nesa, ya kawo shi gida ya ɗaure a turke bayan zaure. Daga nan sai dusa da harawa da kowar wake, da ruwan kanwa, da sosa wuya, da magana. Yana yi wa sa magana fiye da yadda yake yi wa matan gidansa. Kafin Babbar Sallah ta zagayo, tozo ya kwanta gefe guda don nauyi, sai an tara samari kafin a fito da shi. Mutanen gari suka ce Malam Ɗalhatu yana da hannu. In aka ce mutum yana da hannun kiwo, an gama magana; abu ne da Allah ke ba mutum, ba a saye, ba a aro.

Nasidi ya tashi a gindin turken nan. Ya yi makarantar koyon aikin gona ya fito da takardar kula da lafiyar dabbobi, takardar ta sha kwana a ƙasan akwati, shi kuma ya sha rana a kasuwa yana sayar da maganin tsutsa da na kaska. Ya yi aure, Hafiza ta haifa masa yara, tukunya ta fara fin ƙarfin aljihu. Sai ga wani dillalin aiki yana neman masu kula da shanu a Ƙatar. Ya bar iyalinsa a gidan gado ya hau jirgi, da kanwa ƙulle a jaka, don an ce masa can ba a samunta.

Gonar da aka kai shi tana can hanyar Shahaniya, izba suke ce wa irinta. Rumfuna ne na ƙarfe, da manyan fankoki masu fesa ruwa, da maruƙa da ake kawowa a mota bayan an yaye su, a ciyar da su, a kai mayanka. Kafil ɗinsa, mai gonar, bai fi ya gan shi a sallah ba. Mudir ne ke komai, wato manajan gonar, wani baƙo shi ma kamar Nasidi, mai saurin magana da ƙaramin Larabci da ƙaramin Turanci a cakuɗe. Da ya ga Nasidi yana jiƙa kanwa a bokiti yana shafa wuyan maraƙi, dariya ya yi har da riƙe ciki. Sannan ya ja shi ofis, ya rufe ƙofa, ya buɗe wani kwali.

A ciki akwai wani abu mai kama da bindigar wasan yara, amma da allura mai kauri a baki, da 'yan ƙwayoyi farare a jere, kowacce ba ta kai ƙwayar shinkafa ba. Mudir ya ce sinadarin girma ne. Ana matse kan maraƙi, a goge bayan kunne, a tura allurar tsakanin fata da guringuntsi, a daidai tsakiya, a danna, ƙwayoyin su zauna a nan. A hankali suke narkewa suna shiga jini. In wata ya yi nisa a sake wani a ɗaya kunnen. Ya kuma ce wannan magana ce ta cikin gona, ba ta fita ƙofa.

Nasidi ya tambaye shi, me ya sa sai a kunne?

Mudir ya dube shi kamar ya tambayi dalilin da ya sa ake shan ruwa da baki. Ya ce, "Saboda ba mai cin kunne. A mayanka yanke shi ake a jefar. Khalas, shi ke nan."

Saura kaɗan Nasidi ya yi dariya. Ya tuno shi da ƙannensa washegarin Sallah, a tsugune gaban kwano, suna kokawa a kan guntun kunne saboda ƙurus-ƙurus ɗin da yake yi a baki. Ya buɗe baki zai ce a garinmu ana ci, sai ya ga me zai jawo wa kansa, a ce wannan baƙin mutum daga inda ake cin shara ya fito. Ya haɗiye maganar. Wannan ce kunyar farko, ita ce kuma ta haifi sauran.

Gaskiya abin yana aiki, wannan ba musu. Maraƙin da aka sa wa, da wanda ba a sa wa ba, kwano ɗaya za su ci, amma in ka dawo bayan 'yan watanni sai ka rantse ba sa'anni ba ne. Kafaɗa ta buɗe, cinya ta cika, wuya ya yi kauri. Abin da Malam Ɗalhatu ke kwana yana nema da harawa da rarrashi, ga shi nan allura tana yi kafin mutum ya ce kwabo. Sai dai Nasidi mai ido ne, ya ga sauran abin ma. Wasu maruƙan su dinga hawan junansu ba dalili har su raunata na ƙasa. 'Yan karsanun da ba su isa komai ba, sai ka ga hantsarsu ta fara kumbura, gindin wutsiya ya ɗaga. Naman kuma in aka yanka, ja ne mai yawa, tsoka zalla, ba irin maiƙon nan da ke ratsa naman turka ya sa romo ya kama leɓe. Bai so abin ba a farko. Daga baya hannunsa ya saba, har ya fi mudir iya sa allurar, ba jini, ba ƙurji.

Sunan Mai Hannu kuwa a wata Babbar Sallah ya samo shi. Abdulganiyu da wasu abokansa suka haɗu su bakwai za su yi layya da sa, aka ce akwai wani ɗan gida da ke aiki a izba, suka ɗauki mota suka je. Suka tsaya jikin shinge suna kallon dabbobin da Nasidi ya ce musu shekarunsu kaza, suka ƙi yarda. Wani likita ya ce ko dai giwa ce ta haife su. Abdulganiyu, wanda dangin mahaifiyarsa 'yan Wudil ne, ya tambayi Nasidi ɗan wane gida ne, da ya ji sunan sai ya tafa hannu.

"Ɗan Malam Ɗalhatu mai turka? Jama'a, ai an gama. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Hannu ne, gado ne."

Suka juyo suna kallonsa, manyan mutane, masu digiri a kan digiri, da irin kallon da ba a taɓa yi masa ba tun da ya sauka a ƙasar. Kalma biyu ta isa ta gyara zancen. Nasidi ya sunkuyar da kai, ya yi murmushi, ya ce, "Dusa ce da kanwa, sai haƙuri."

An ce ƙarya fure take, ba ta 'ya'ya. To tasa ta yi furen kam. Ranar da ya fara zuwa cin abincin Juma'a, a bakin ƙofa ya zauna, kusa da takalma. Kafin shekara ta zagayo yana can ƙurya, kafaɗa da kafaɗa da likitoci, ana miƙo masa shayi kafin wasu. In gardama ta tashi a kan Turawa da magungunansu, sai wani ya nuna shi ya ce ga ilimin iyayenmu nan a zaune, ba sinadari, ba komai. Sai ya ji kamar an zuba masa ruwan zafi a ƙeya, amma bai taɓa tashi daga wurin ba. Mutumin da ya kwana shida yana kwasar kashin shanu ana ce masa yalla, yalla, yi sauri, ya samu rana ɗaya da ake ce masa Malam, ina zai iya saki?

Abu ɗaya ya riƙe, shi ne yake lallaɓa zuciyarsa da shi. Duk kan da ya karɓo daga mayanka, sai ya tabbatar ba kunne. In mahauta sun manta, shi zai sa wuƙa ya cire tun daga tushe. Mata suka yi ta mita, wai wane irin kai ne wannan kamar ƙwarya. Ya ce dokar mayanka ce. Suka ce Larabawa dai ba su san daɗi ba, aka wuce wurin.

Matar Abdulganiyu, Sa'adiyya, ta daɗe ba ta samu haihuwa ba. Ta yi ɓari, ta sake yi, har mutane suka daina tambaya, abin da ya fi tambayar ciwo. Mace ce mai kirki wadda ba ta taɓa barin Nasidi ya koma izba ba tare da ta ƙulla masa abincin da zai ci gobe ba. Da cikin nan ya zo ya zauna, ya wuce watannin tsoro, sai gidan ya koma kamar ana riƙe da ƙwai. Ciki kuma da kwaɗayinsa yake zuwa. Nata bai tashi kan komai ba sai guringuntsin kunne.

Wata Juma'a, bayan an watse, Abdulganiyu ya rako shi har bakin mota, yana ta susar ƙeya.

"Mai Hannu, wata alfarma ce, har ina jin nauyin faɗa. Mutuniyar ce. Ba ta iya cin komai, wai ita sai kunne. Na zaga Doha ban samu ba. Don Allah ka yi wa mutanen mayankar nan magana su bar maka ko sau ɗaya ne."

Nasidi ya ce, "Injiniya, dokar tasu da ɗan tsauri."

"Kai ne fa. Wa zai hana ka? In wani abu ake ba su, faɗa mini."

Nan ma ƙofa a buɗe take. Ya dubi fuskar mutumin da ya ɗauko shi daga wajen takalma, ya auna maganar a bakinsa: Injiniya, kunnen akwai magani a ciki, ni nake sawa. Daga nan sai wane magani, sai tun yaushe, sai ashe. 

Ya ce, "Ba komai. Allah Ya raba lafiya."

Ya kawo. Ba sau ɗaya ba kuma. Yana zaɓen kan dabbar da ta daɗe da allura, ya gaya wa kansa ai tuni ƙwayoyin suka narke, abin da ya rage bai taka kara ya karya ba, wuta ma za ta cinye shi. Wataƙila haka ne. Shi dai bai sani ba, kuma bai tambayi wanda ya sani ba, alhali duk Juma'a da likitoci yake cin abinci a faranti ɗaya. Sa'adiyya ta aiko masa da godiya da turare. Turaren nan bai iya shafa shi ba, a ƙasan gado ya tura shi.

Sai wani maraƙi ya karye. Wani ne ya hau shi a rumfa ya turmushe shi jikin ƙarfe, ƙafa ta tafi, ba yadda za a yi sai yanka. Ba a daɗe da sa masa allura ta biyu ba. Ranar Alhamis ce, ba wani kai a hannu, kuma Abdulganiyu ya riga ya buga waya har sau biyu. Nasidi ya sa kan a kula. A hanya, wajen wani gidan mai, ya tsaya ya buɗe, ya kai hannu ya shafa bayan kunnen, irin shafawar mutumin da ba ya son ya ji komai. Kunnen ya sandare da ƙanƙara. Ya ce ai ba komai, ya rufe.

A lokacin mahaifiyar Sa'adiyya, Hajiya Sakinatu, ta riga ta iso daga Gaya don zaman jego. Tsohuwa ce mai ƙwari, wadda ba ta yarda wata 'yar aiki ta taɓa abin da 'yarta za ta ci. Ita ta fita bayan gida ta babbake kan a kan murhun gas, ta kankare shi da wuƙa. Da ta zo kan kunne, yatsanta ya ci karo da wani ɗan tudu a ƙarƙashin fata. Ta tsaga. Ga fararen ƙwayoyi a jere, tsaf, ɗaya na bin ɗaya. Ƙurji ba ya jeruwa haka, tsakuwa ma haka. Wannan hannun mutum ne ya sa. Kuma an sa shi a daidai abin da duk gari ya san mai ciki ce kaɗai ke ci.

Tsohuwar da ta ga 'yarta ta yi ɓari biyu, me kake so ta ce? Asiri ta ce.

Ranar Asabar da la'asar aka kira Nasidi. Bai taɓa ganin falon nan ba kowa ba. Ashe haka yake da girma. Abdulganiyu na zaune a bakin kujera, Hajiya Sakinatu a kan darduma da carbi, a tsakaninsu kuma ƙaramin faranti na kofin shayi. Tun daga ƙofa ya gane abin da ke kai. Ƙafafunsa suka kai shi wurin zamansa na farko, kusa da takalma, ya durƙusa ya gaishe ta.

Ba ta amsa da tsawo ba. Ta tura farantin gabansa da ɗan yatsa.

"Ɗan nan, na ji an ce kai ɗan mutunci ne, na kuma san mahaifinka, mun taɓa yin layya da sansa. Ba zan tona ka ba. Ka gaya mini kawai, wa ya ba ka ka kawo wa yarinyar nan?"

Abdulganiyu ya yi saurin shiga, kansa a ƙasa saboda surukuta. "Hajiya, na ce miki a bi a hankali. Mai Hannu, wataƙila wani ciwo ne na dabbobi, ko? Ko kuwa a mayanka ne wani abu ya shiga? Kai ka san kan dabba, faɗa mata hankalinta ya kwanta."

Ga tsani an jingina masa. Ciwon dabbobi ne, Hajiya, yakan faru. Injiniya zai yarda, don so yake ya yarda. Nasidi har ya jiƙa leɓe. Sai ya ji motsi a bayan ƙofar da ke shiga cikin gida, ya ga inuwar ƙafafu a ƙarƙashinta, ya ji siririyar muryar Sa'adiyya tana maimaita addu'ar neman tsari. Tsohuwa ba za ta yarda da ciwon dabbobi ba, ya gani a idonta. In ya fita da ƙaryar nan, matar nan za ta ƙarasa cikinta tana duban fuskar kowace ƙawarta tana tunanin wace ce.

Ya ce, "Ba wanda ya ba ni, Hajiya. Ba asiri ba ne. Ni na sa shi, da hannuna, tun dabbar tana da rai."

Ya faɗi sauran da idonsa a kan kafet. Allurar, da kwalin, da abin da ke sa maruƙan girma. Ya ce ba dusa ba ce, ba kanwa ba ce. Kanwar da ya zo da ita daga Wudil tana nan ba ta ƙare ba. Ya ce duk kawunan da yake kawowa na irin dabbobin ne, shi ya sa yake cire kunne, ba wata dokar mayanka da ta sa shi.

Abdulganiyu ya ɗago ya dube shi. Da ya yi magana, muryarsa ba ta tashi ba, Nasidi kuwa da ya samu ihu da ya fi so.

"Ranar da na raka ka bakin mota na roƙe ka, ka san da wannan?"

"Na sani."

"Waɗanda ta riga ta ci fa?"

"Na zaɓi waɗanda suka daɗe. Ina ganin ya narke."

"Kana gani."

Hajiya Sakinatu ta ajiye carbinta. Ta dube shi tun daga hula har gwiwa, ba fushi a fuskarta, abin da ke wurin ya fi fushi wuyar ɗauka.

"Da asirin ne, ɗan nan, da na san inda zan kai kukana. Mai yi maka asiri ai ƙin ka yake, yana da dalilinsa. Kai fa ba ƙin ta kake ba. Kana cin tuwonta. Don kada a daina ce maka Mai Hannu ne kawai."

Abdulganiyu ya miƙe ya juye ƙwayoyin a leda, ya ɗauki makullin mota, ya leƙa ciki ya ce wa matarsa ta sa mayafi. Suka wuce ta gaban Nasidi. Sa'adiyya ba ta dube shi ba, ta dafe cikinta da hannu biyu, ta raɓa ta can gefe kamar mai wuce kwata. Ba wanda ya ce masa tashi, ba wanda ya ce zauna. Da ƙarar motar ta ɓace, ya lalubi takalmansa ya fita, ya bar kular a nan.

Daga baya Abdulganiyu ya turo masa gajeren saƙo. Likita ta duba, jariri na motsi lafiya, ba ta ga abin tayar da hankali ba, ta ce mai yiwuwa abin da ya shiga jikin kaɗan ne, amma kada a ƙara, kuma sai an haihu hankali zai gama kwanciya. Ba gaisuwa a sama, ba sallama a ƙasa. Nasidi ya rubuta amsa ya goge, ya rubuta ya goge, a ƙarshe Alhamdu lillahi kawai ya tura.

Ya daina zuwa Juma'a. A masallacin kusa da izba yake sallah tare da masu kiwon raƙuma, ya dawo ya ci burodi da shayi. Masu buga waya neman kai ya ce musu aiki ya yi yawa. Kullum yana jiran ranar da zai ji an fara kiransa da wani suna, ko a zo gonar da bincike, amma shiru. Injiniya bai gaya wa kowa ba. Da a ce Nasidi ya jefar da allurar ya koma ga dusa, da labarin ya yi daɗin ji, amma ba haka aka yi ba. Akwai Hafiza da yara a Wudil, akwai mudir, sabuwar mota kuma ta kawo sababbin maruƙa. Ya ci gaba da matse kai yana goge bayan kunne. Abin da ya canza kawai, in maraƙi ya juyo ido ya dube shi, sai ya kau da kai. Kowace sallah yana roƙon Allah Ya sauki matar nan lafiya, yana jin kunyar roƙon ma.

Allah Ya sauke ta lafiya. Namiji, cikakke, ba abin da ya rasa. Aka sanar da suna a dandalin waya na 'yan gida, Nasidi ya gani ya yi sujada a kan simintin ɗakinsa, bai kuma yi niyyar zuwa ba. Sai ga kiran Abdulganiyu, karo na farko tun ranar. Ya ce, "In ba ka zo ba mutane za su tambaya." Shi ke nan abin da ya ce.

Ya je da safe, hannu rabbana, ba kula. Falo ya cika. Aka yi ta yi masa tsiya, wai ya yi kuɗi ya guje su, wai matansu sun rame. Ya nemi wuri kusa da ƙofa, suka ƙi, suka jawo shi har ƙurya, wurinsa na da, aka miƙo masa shayi. An raɗa wa yaro suna Umar Faruq. Bayan an ci an sha, Abdulganiyu ya shiga ciki ya fito da jaririn a naɗe cikin farin zane, da 'yar hular saƙa, yana zagayawa da shi ana tofa masa addu'a. Kowa ya karɓa ya ɗan riƙe ya mayar.

Da ya kusa ƙurya, likitan nan da ya taɓa cewa giwa ce ta haifi maruƙa ya ɗaga murya.

"Yauwa, Injiniya, ba wa Mai Hannu shi ya ɗan jijjiga mana. Kafin wata uku ka ga yaro ya fara neman takalmin babansa."

Falo ya ɗauki dariya. Abdulganiyu ya tsaya a gaban Nasidi. Ya yi murmushi saboda jama'a, ya fara miƙo yaron, sai hannunsa ya ɗan tsaya a hanya, tsayawar da ba wanda ya lura da ita sai mutum ɗaya. Babban yatsansa ya kai kan 'yar hular ya ja ta ƙasa ta rufe kunnen jaririn. Da alama shi kansa bai san ya yi ba.

Nasidi ya mayar da hannayensa baya ya haɗe su.

Ya ce, "A'a, Dakta. A bar shi ya girma a hankali."

Suka ƙara fashewa da dariya, wani har yana cewa Mai Hannu ya fara rowar hannun nasa. Abdulganiyu ya wuce da yaron wurin na gaba. Nasidi ya ɗauki kofin shayinsa ya riƙe, bai sha ba, har ya huce.